Sayayya a Tafiyar Ayari: Yadda Matashi Zai Cika Akwati Bai Ji Kunya a Wajen Awo Ba

Ni tela ce. Ɗinkin mata nake yi a Gwammaja, ina kuma ɗan taɓa sayar da abaya da mayafai a gefe. Sau uku ina zuwa Umara, duka a cikin ayari, irin wanda ejan zai tara mutum talatin ko arba'in ya haɗa su da jagora ɗaya, mota ɗaya, masauki ɗaya. A tafiyar ƙarshe aka haɗa ni da yara biyu, 'yar yayata da ta gama sakandare da ɗan yayana da yake jami'a. Iyayensu suka raka mu filin jirgin Malam Aminu Kano suna ta nanata mini, "Ga amana nan." Ta fannin ibada ban da ƙorafi a kansu. A kasuwa na ga ikon Allah, a wajen awon kaya na Jidda kuma na sha kunya. To ga abin da zan gaya wa duk saurayi ko budurwar da za ta bi ayari, da uwar da za a danƙa wa 'ya'yan mutane.

Sayayyarka a nan Kano za ta fara. Kwana bakwai ko goma kafin tashi, ka ware yini guda ka shiga Kantin Kwari, ka leƙa kasuwar Hajj Camp, in takalmi ne a ranka ka biya ta Ƙofar Wambai da Sabon Gari. Ba saye za ka yi ba. Duk abin da kake mafarkin sayowa, jallabiya ce, abaya ce, kambas ne, agogo ne, turare ne, ka tambayi kuɗinsa, ka taɓa shi da hannunka, ka ɗauki hoto, ka rubuta farashin a waya. Kaya da yawa da suke rataye a shagunan kewayen Harami ba a Saudiyya aka yi su ba. Juya wuyan rigar ka karanta, za ka ga Sin ko Indiya. 'Yan Kwari kuwa su ma can suke zuwa sari. 'Yar yayata ta sayi wata abaya mai duwatsu a hannu a Madina, tana ta rawar kai wai babu mai irinta a unguwa. Sati biyu da dawowarmu na aike ta Kwari ta sayo mini yadi, ta dawo fuska a murtuke. Ga abayar can a rataye har kala huɗu, kuma da muka buga lissafi ta nan ta fi sauƙi.

Daga Kwari sai Wapa, wurin 'yan canji. Riyal a ɗaure yake da dala, dala ɗaya riyal 3.75, shekara da shekaru bai motsa ba. Naira ce take rawa. Dala 100 ke nan riyal 375 ce, sai ɗan abin da mai canji zai zaftare. Ranar da ka yi canji, rubuta naira nawa ka sayi riyal ɗaya ka ajiye a fuskar wayarka. Yaro yana jin "riyal tamanin" sai ya ji kamar kuɗin tsire ne, ya miƙa. Kafin ka miƙa, ka ninka, ka faɗi adadin da naira a bakinka, ka ji ko za ka iya bayar da shi a Kwari. Sau da yawa hannunka da kansa zai koma aljihu.

Ni kashi uku nake kasa kuɗi, kowanne a ambulan ɗinsa: na ci da sha da mota, na tsaraba, da na kaina. Na ci da sha ba ya ranta wa kowa. Ka nemi ƙananan takardu, na riyal biyar da na goma da na hamsin, don mai fito da ɗari biyar a gaban ɗan kasuwa ya riga ya yi wa kansa tsada. Katin banki kuma ka je reshenku ka tambaya ko zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai cire, amma kada ka ɗora tafiyarka a kansa. In kuɗin saƙon mutane ya taru a hannunka har ya haura dala 10,000, doka ta ce ka bayyana wa kwastan kafin ka fita.

Yanzu maganar awo, kuma a nan zan daɗe, don sana'ata ce. Jallabiya da abaya a can da tsawo ake sayar da su. Lambar da za ka gani a wuya, 52, 54, 56, 58, 60, inci ne daga kafaɗa zuwa ƙasa. Faɗin jiki kuma daban ake rubuta shi, yawanci da harafi. Kafin tafiya je wurin telanka ya ɗora tef a saman kafaɗa, daidai gindin wuya, ya sauke zuwa inda kake so rigar ta tsaya. Namiji a saman idon sawu. Mace kuma ki sa takalmin da kike yawan fita da shi kafin a auna, don abayar da ta yi daidai da silifas za ta ɗage in kin hau mai tsini, wadda ta yi daidai da mai tsini kuma za ta share miki titin Kabuga in kin sauko. A auna faɗin kafaɗa, tsawon hannu da kewayen ƙirji, a rubuta. Sannan ka sayi tef naka ka jefa a jaka. Yawancin ƙananan shagunan can ba su da ɗakin gwaji, kuma harafin da yake nufin babba a wani kamfani matsakaici ne a wani. Tef ba ya ƙarya. Ni a wuya nake rataya nawa, har wani mai shago a Madina ya tambaye ni ko aiki nake nema.

Duk wanda ya ba ka saƙon riga, ya ba ka awonsa a rubuce. "Kamar jikinka ne" ba awo ba ne. Na takalmi kuma, dabarar iyayenmu ta karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafa har yau tana aiki, amma ta fi kyau a taka kwali a zana ƙafar a yanke, ka zura a cikin takalmin ka gani. Lambobin da muka saba da su, 40, 42, 44, na Turai ne, su ma can da su aka fi amfani. In ka ga 8 ko 9, ka duba ko na Ingila ne ko na Amurka, don ba ɗaya ba ne. 42 namu wajen 8 ne na Ingila. Kada kuma ka gwada takalmi a daren da ka yi ɗawafi da sa'ayi. Safa da Marwa kaɗai sun haura kilomita uku, ƙafa tana kumbura, sai ka sayi wanda zai riƙa cire maka a Kano.

Tunda an zo kan saƙo: wanda bai ba da kuɗi ba, addu'a za a yi masa a Harami, ita ma babbar tsaraba ce. Wanda ya ba da kuɗi, ka gaya masa tun a gida cewa kayansa suna da nauyi kuma nauyi kuɗi ne. Ƙunshin da aka naɗe aka ce ka kai wa wani a Makka kuwa, ko daga hannun wa ya fito, a kwance shi a gabanka ko a mayar. A ƙarshen 2018 aka kama wata ɗalibar jami'a da ta taso daga Kano a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tiramadol da aka maƙala wa sunanta, jakar da ba ta taɓa gani ba. Wata huɗu ta yi a tsare kafin gaskiya ta fito a sake ta a Afrilun 2019. A ayari an saba a tara fasfo da akwatuna wuri ɗaya, wani ya je ya yi wa kowa awo. Ka tsaya a kan kayanka. Ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna maka, in akwati biyu ka bayar, biyu za ka gani, ba uku ba. Goro ma a bar shi a gida, hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa.

Kayan da za ka tafi da su, ka rage. Sannan ka sake ragewa. Ɗan yayana ya zo da akwati a cike, wandon jins huɗu, kambas ƙafa uku, hana-salla kala-kala, wai na hoto ne. Na zazzage rabi na bar wa uwarsa. Akwatin da ya tafi a cike, a ina tsaraba za ta zauna? Kaya marasa nauyi kala huɗu ko biyar sun isa, a wanke a maimaita, ba wanda yake ƙirga maka. Takalmi mai taushi ɗaya, silifas ɗaya, da 'yar rigar sanyi saboda na'urar sanyaya mota da ta jirgi. Riga mai hoto ko rubutun banza a ƙirji a bar ta, tun 2019 Saudiyya take da dokar da'a a bainar jama'a da ta hana irinsu, balle ma ɗakin Allah za ka. Kuma in gayu ake nema, ni abin da idona ya gani shi ne, ranar Juma'ar da yaron nan ya sa farar shadda da hula zanna, mutanen Indunusiya da na Turkiyya har tsayar da shi suke yi a yi hoto. Ranar da ya sa ƙananan kaya ba wanda ya kalle shi, ya zama ɗaya cikin dubu. In ayarinku ya yi anko, ki sa ko ba kya son atamfar. A cikin cunkoso da ita za a hango ki.

A tafiyar fatake ta da, madugu ne uban tafiya, in ya ce a tashi an tashi. Yau ma haka ne, sai dai maimakon jakuna motar safa ce, kuma ba ta jiran wanda ya tsaya ciniki. Tun daren farko ka tambayi jagoranku abu uku: kwana nawa za a yi a kowane gari, wace rana ce ta ziyara, kuma ƙarfe nawa za a kwashe akwatuna ranar komawa. Wannan na ƙarshen shi yake kayar da mutane, don sau da yawa tun ana saura sa'o'i masu yawa ake loda kaya. Wanda ya bar sayayya sai ranar ƙarshe, a hannu zai rungumo ta.

In Madina kuka fara sauka, kada ka yi nauyi a can. Tsakaninta da Makka wajen kilomita 450 ne, kuma duk abin da ka saya kai za ka yi dakonsa, ga harami a jikinka. In da jirgin ƙasa na Haramaini za ku, wanda ya fara aiki a 2018, shi ma yana da iyakar kayan da yake ɗauka. Dabino ne kawai zan ce a saya a Madina, ajwa ko sukkari ko safawi ko mabrum. Ranar ziyara mota takan tsaya a wani shagon dabino bayan an fito daga Ƙuba, kowa ya ruɗe ya hau saye. Ka ɗanɗana, ka tambayi kuɗin kilo, ka riƙe a ka, sannan ka gwada da kasuwar dabino ta cikin gari. Duk inda direba ya kai mutum arba'in da kansa, ɗan Kano ya san akwai la'ada a ciki.

Kwana biyun farko a kowane gari na kallo ne. Ka zaga, ka tambaya, ka wuce. Shaguna da yawa suna rufewa in an kira salla, ranar Juma'a da safe kuma kasuwa a mace take. Lokacin da na fi jin daɗi shi ne da hantsi, sa'ad da mutane suka koma barci bayan Asuba, mai shago yana neman wanda zai buɗe masa kasuwa. Bayan Isha'i akwai armashi amma akwai turmutsutsu.

Kada ku fita kasuwa ku goma sha biyar. Wannan ita ce babbar cutar ayari. Mai shago yana ganin garke ya san ko bai rage ba wani zai saya. Mafi muni, ido yana bin ido. Ɗaya ta ɗauki jaka mai sarƙa, sai duka 'yan matan su ɗauka, a dawo Kano a je biki a ga jaka iri ɗaya a hammata takwas. Wanda kuɗinsa bai kai ba kuma ya ji kunyar ajiyewa a gaban abokai, ya taɓa ambulan ɗin abinci. Ku fita ku uku: mai iya ciniki, mai idon kaya, da mai riƙe lissafi da lokaci. Inda yawa yake da amfani shi ne sari. In ku shida kuna son carbi, sallaya, hula, kwalli, zobba da bagaruwa na rabo, ku haɗa kuɗi mutum biyu su je su sayo dozin-dozin a raba a masauki. Kowa ya ɗauki katin otal a aljihu, ku kuma yanke ƙofar da za a haɗu in an rabu. Ƙofofin Haramin Makka suna da lamba, ta Sarki Abdul'aziz ita ce 1, ta Sarki Fahad 79. "Mu haɗu a wajen agogo" ba magana ba ce, agogon nan na saman dogon benen da ke gefen Harami daga ko'ina ana ganinsa.

Farashi kuwa, iya nisanka da Harami iya sauƙinsa. Shagunan ƙarƙashin dogon benen agogo kuɗin haya suke cajinka. Ka gangara titin Ibrahim Khalil zuwa Misfala, inda za ka ji Hausa kamar kana Fagge. Kayan rabo da yawa, kasuwar Kakiyya. Abaya, kasuwar Utaibiyya. In jagora ya yarda kuma akwai yini guda a sarari, Balad ta Jidda ta cancanci zuwa, ga kasuwar Alawi ga Bab Makka, ga tsofaffin gidaje masu tagogin katako da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya a 2014. Sai dai da rana tsaka a rufe za ka tarar da yawancinta, sai bayan La'asar take farkawa. Kada ka saci jiki ka tafi ba da sanin jagora ba.

Ciniki ba sai an koya wa ɗan Kano ba, amma ga abin da zai taimaka. Rabin lissafin Larabci yana bakinka tun kana yaro: ishirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, duk daga can muka aro. "Bikam?" shi ne nawa. Abin lura, su ƙaramar lamba suke fara faɗa, "hamsa wa ishirin" ashirin da biyar ke nan. Kuma a bakin mai sauri sha biyar da hamsin suna kama da juna. Rubutun lambobinsu ma yana da tarko: biyar ɗinsu zagaye ne kamar sifilinmu, sifilinsu ɗigo ne, shidansu kuma kamar bakwai ɗinmu. Mafita ita ce ka miƙa masa wayarka ya danna adadin, kai ma ka danna tayinka. A manyan kantuna masu farashi a manne ba a ciniki, kuma harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020 yana cikin abin da za ka biya. A ƙananan shaguna ka taya ƙasa sosai, in ya ƙi ka yi godiya ka juya, in da rabo zai kira ka. In ya sallama a kan tayinka, ka biya. Tayawa a gudu ba hali ba ne a Kwari, ba hali ba ne a can. Kuma ku kama bakinku. Masu shagunan nan da yawa suna jin Hausa. 'Yar yayata ta ce mini, "Anti, wallahi ko ɗari ya ce zan saya," mutumin ya yi murmushi ya ce, "To Hajiya, ɗari."

Me ya cancanci a ɗauko? Ga samari, jallabiya mai kyau. Daffah da Al Aseel sunaye ne da aka sani, kuma saboda an san su ne ake yin jabunsu. Duba wuyan, ya tsaya da kansa ba ya lanƙwashewa. Juya cikin ka ga ɗinkin, in zare yana reto ko layin ya karkace, ajiye. Ka san kuma irin da kake so: ta Saudiyya mai wuya a tsaye, ta Daular Larabawa marar wuya mai igiya a gaba, ko ta Maroko. Guda biyu masu kyau sun fi shida da za su yi ƙwallo-ƙwallo a wanki na uku. Zoben azurfa, ka nemi hatimin 925 a cikinsa.

Ga 'yan mata, abaya, amma da gwaji huɗu da nake yi a tsaye. Ki damƙe yadin a tafin hannu ki ƙirga goma ki saki, in ya yamutse haka za ki yi ta fama da guga. Ki ɗaga shi saitin fitila, in kina ganin yatsunki sarai, rana ma za ta nuna. Ki sa farce ki ɗan ƙwaƙuli dutse ɗaya, na manne da gam mai arha nan take zai motsa. Sannan ki jiƙa farin tishu ki goga a cikin kalmasa, in ya yi baƙi to zuba zai yi, ya ɓata miki rigar ciki. Yadin nida mai kyau yana da sanyi a hannu, yana zubowa, ba ya ƙyalli. Ki fito da abayar bakin ƙofa ki haɗa da mayafinta a hasken waje, don baƙi kala-kala ne, wani yana ja wani yana shuɗi, fitilar shago kuma tana ɓoyewa. Ra'ayina, kuma na san 'yan mata ba za su so ba: ki bar mai tarin ado. Yayi ne, kafin babbar Salla an wuce wurin. Wadda ba ta da hayaniya za ki shekara uku kina sawa, in kin gaji ki kawo mini in sa mata wani abu a hannu.

Turare shi ne abin da ban taɓa nadamar kuɗinsa ba. Amma ba a gwada shi da harami a jiki, sai an yi aski an sauke. Na mai da tola ake aunawa, tola ɗaya wajen mililita 12, rubu'inta 3. Ka shafa a bayan hannu, ka fita, ka je ka yi salla ka dawo. Abin da ya rage a fatarka bayan awa biyu shi za ka saya, ba ƙamshin farko ba. Bayan kala uku hanci ya gaji, ka bari sai gobe. Manyan gidaje irin su Abdul Samad Al Qurashi da Arabian Oud sukan yi rangwame, ka tambaya. A jakar hannu kwalba ba ta wuce mililita 100. A akwati kuma ƙa'idar jiragen sama ita ce kowace kwalba kada ta wuce rabin lita, jimilla kada ta wuce lita 2 ga mutum ɗaya. Ka naɗe murfin da salatif, ka zura kwalbar a safa, ka sa a tsakiyar tufafi.

Abin da bai cancanta ba kuwa, ɗan yayana ne malaminsa. Ya bi wasu samari uku na ayarinmu, ya dawo da wani jibgegen takalmi mai wuya irin na masu hawa dutse da rigar sanyi mai gashi a ciki. Na ce, "Kai, a Kanon da zafi yake haura digiri 40 a Afrilu?" Ya ce, "Gwaggo, ba za ki gane ba, shi ake yayi." Kambas mai babban suna da aka ce maka orijina ne a kuɗin faranti biyu na shinkafa, kai ma ka san amsar. In kwafi za ka saya, ka saya da saninka a kuɗin kwafi, kuma akwai shi a Wambai. Waya, sai in ka riga ka san farashinta a kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano. Gwal kuma ba sayayyar gaggawa ba ce: ana auna shi da giram, a ƙara kuɗin ƙira, ki tabbatar an rubuta nauyi da lambarsa, 18 ko 21 ko 22, a rasit.

Sai kilo, alƙalin da ba ya karɓar roƙo. Ka sayi ɗan sikelin rataye tun daga Sabon Gari. Tikiti da yawa akwati biyu ne masu kilo 23 kowanne, da jakar hannu mai kilo 7, amma ka karanta naka, don ba duka suke ɗaya ba. Kuma biyu masu 23 ba ɗaya suke da mai 30 da mai 16 ba, kowanne daban ake duba shi. Wanda ya haura 32 ma ba za a karɓa ba ko za ka biya. Wasu kamfanonin sun daina karɓar jakar Ghana-mas-go, ka tambaya tun da wuri. Zamzam lita 5 ne a kwalinsa na musamman, daban ake karɓarsa, kada ka ɗura a gora ka cusa a akwati. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka a jakar hannu yake tafiya. Ka yar da kwalayen takalma, ka cusa safa da carbi a cikin takalman, tufafi kuma a naɗe su kamar tabarma. Kowane dare ka rataya akwati a sikeli, ka san saura nawa kafin ka sake fita. In kaya sun fi ƙarfinka akwai masu kargo zuwa Kano, ka karɓi rasit da lambar waya, amma kada ka sa kayan da za ka yi Salla ko biki da su, don ranar isowarsu sai Allah.

Za kuma a zo maka. Duk ayari akwai Hajiyar da ta sayi barguna uku da tukwane, ta hango yaro mai akwati ɗaya. "Ɗana, ɗan riƙe mini wannan." Ba a yi wa babba tsawa. Ka rusuna ka ce, "Hajiya, bari in auna nawa tukuna, in da sarari a buɗe a zuba a cikin akwatina." A buɗe ɗin nan ita ce maganar. In babu sarari, ka nuna mata sikelin ta gani da idonta.

Mu dai a Jidda akwatin yaron nan ya haura da kilo shida, domin daren ƙarshe ya faki idona ya ƙaro bargo da wasu kambas. Riyal ya ƙare. Muka baje akwati a ƙasa a gaban jama'a, ana tsallake mu, 'yan ayarinmu suna ta "sannu Hajiya". Bargon muka bar wa wani mai shara. Dabino na raba a jakunkunan hannunmu. Takalmin dutsen da rigar gashin kuwa na ce ya sa su a jikinsa, a kan jallabiya, haka ya shiga jirgi, haka ya sauka a Kano da azahar yana ɗigar gumi.

In kun sauka, rasit ɗinka su kasance a kusa, don kwastan suna iya tambaya in sun ga abu iri ɗaya da yawa kamar na sayarwa. Tsaraba kuma tun a masauki ka ƙulla ta leda-leda, ka rubuta sunan kowa a jiki, ka sa duka a akwati ɗaya. Shi za a buɗe a falo in 'yan sannu da zuwa sun cika gida. Ɗayan, mai kayanka, ka wuce da shi ɗaki ka tura ƙarƙashin gado ka kulle. 'Yar yayata ba ta ji wannan ba, ta zuge nata a tsakar gida tana neman dabino, wata gwaggonta ta hango turaren da ta fi so ta ce, "Allah sarki, 'yar nan, har da ni?" Takalmin dutsen yana nan, sau ɗaya aka sa shi da hunturu. Jiya uwarsa take tambayata ko na san mai saye a Wambai.